Jummai da Jiƙaƙƙen Buhu

Shekarar da aka rufe iyakar Maigatari ana tsakiyar damina, har manyan motoci suka yi layi direbobi na shanya wankinsu a jikin ƙofa, a shekarar ce mesata Jummai ta kwanta ciwo. Yau tana nan da ranta, tana kwance a hantsi ina kallonta ina wannan rubutu. Na ɗauki biro ne saboda 'yan'uwana masu riƙon maciji, domin kuskuren da ya kusa kashe ta ba ni na ƙirƙiro shi ba. Gadonsa na yi, kuma na san akwai gidajen da har gobe ake yin sa.

Sunana Sale. Gardi ne ni, ubana ma gardi ne. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha. Da damina ina noma gero da riɗi, ranar kasuwa kuma in ɗauki maciji in tafi wasa, wanda ya ji daɗi ya jefo abin da ya samu. Jummai na ciro ta ne daga wata tsohuwar rijiya ranar wata Juma'a, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tsawonta bai fi kamu biyu ba. Yanzu kamu shida ce. Ta san takuna. In na buɗe akwati sai ta zaro harshe ta taɓa bayan hannuna, sannan ta hau kafaɗa ta zauna abinta. Ban da ita akwai wani ɗan ƙaramin mesa namiji da aka kira ni na fitar daga rumbun wani mutum a farkon shekarar, na sa masa suna Auta. Wuri ɗaya suke kwana, cikin akwatin katakon da Baba ya mutu ya bari.

Ga abin da Baba ya koya mana, ni da yayana Hassan: a jiƙa buhun algarara, a matse, a shimfiɗa a cikin akwati, a ajiye akwatin a gindin randa. Kullum cewa yake maciji sanyi yake so. Kuma da bazara, a tsakiyar kasuwa, rana na dukan katako, wallahi buhun nan shi ke ceton ransu. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, duk sati macizanmu suna fita kasuwa biyu ko uku, suna shan rana a ƙasa tun hantsi har la'asar. To da aka rufe iyaka, kasuwar Alhamis ta Maigatari ta mutu, mutanen Damagaram masu son wasa ba sa zuwa, wanda ya zo ma ba shi da abin jefa wa gardi. Sai na daina fita. Ga marka ta sauka, a yi kwana uku ba a ga rana ba. Sati uku Jummai da Auta suna cikin akwati a gindin randa, ni kuma kullum da safe ina jiƙa musu buhu kamar yadda aka koya mini.

Ciwon ya fara da ƙin ci. Na kamo gafiya mai ƙiba na miƙa wa Jummai, ta kawar da kai. Ban damu ba, na ce saɓa za ta yi, don in maciji zai sake fata yakan ƙi abinci. Bayan kwana biyu ina alwala a gindin randa sai na ji wani ɗan fito siriri, kamar iska na fita daga tayar keke. Na duba nan, na duba can, ashe daga akwati yake fitowa. Auta ne. Ya ɗaga kai ya jingina da kusurwa, baki a buɗe, ga wata kumfa-kumfa a hancinsa. Na duba Jummai, ita ma bakinta bai rufe daidai ba.

Da na ga baki a buɗe sai na tuna yadda kaza ke yi in zafi ya dame ta. Na ce ai zafi ne. Na ƙara jiƙa buhu, wannan karon ko matsewa ban yi ba, na kuma yayyafa musu ruwan randa a ka. Kwana huɗu ina haka safe da yamma, ina ganin kyauta musu nake yi. Rana ta biyar na buɗe akwati na tarar Auta ya miƙe ya sandare. Na haƙa rami a bayan gida na rufe shi.

Matata Talatu, shekararmu goma sha bakwai tare, ba ta taɓa taɓa maciji ba. Doka ɗaya ta kafa tun tana amarya: kada maciji ya ƙetaro ɓangaren madafarta. Ran da na dawo daga rufe Auta ta tsaya daga nesa ta ce, "Malam, wannan ma fa hanyar da ta ɗauka ke nan. Tun daga bakin murhu nake jin fitonta."

Sati na biyu Yaya Hassan ya zo daga Sule Tankarkar a kan babur, shi ma gardi ne, yana da gamsheƙa biyu a gida. Ya duƙa ya kalli Jummai ya daɗe.

"Sale, mura ce. Hayaƙi za a yi mata. Kawo kasko."

Ya zuba garwashi, ya barbaɗa wasu sassaƙe da ya zo da su, muka rufe akwati da zane muka tura hayaƙin ciki. Ba a jima ba na ji tana dukan katako da jikinta. Na yaye zanen. Wani yawu mai kauri kamar dafaffiyar kuɓewa na zuba daga bakinta, tana jan numfashi da ƙyar.

"Ka gani? Ciwon ne ke fita," in ji Yaya.

"Yaya, ni dai rai na ga yana fita."

Daga nan kowa ya zama likita. Maƙwabcina ya ce a ɗiga mata man shanu a hanci. Mai shagon magani na ƙauyenmu ya sayar mini da kafso irin na mutane ya ce in fasa a cikin ƙwai in ba ta, ko tambayar girmanta bai yi ba. Ƙwan ma ba ta kalla ba. Surukata ta aiko cewa in mai da ita daji, ƙila gida ne ya ishe ta. Wani mai sayen fata kuwa ya zo har ƙofar gida ya yi sallama da ladabi, wai ya ji labari, kuma fatar mesa ta fi kyau in ba a bari ta rame ba. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin hanya. Ban faɗa masa abin da ke raina ba.

Talatu ce ta kawo maganar Gumel. "Matar nan da ta duba mini akuya bara, hannunta na da kyau. Ka kai mata."

"Likitan akuya me ta sani a maciji?"

"To kai da ka sani, ina Auta?"

Washegari da safe na sa Jummai a busasshen buhu, don dai kada ta jiƙa wa mutane kaya, na ɗora a kwando na nufi Tasha. Direba na farko ya san ni.

"Sale, me ke cikin kwandon nan?"

"Marar lafiya ce."

"Wace irin marar lafiya ce ake sa wa a kwando?"

"Jummai ce."

Kafin in rufe baki wata tsohuwa da ke gaba ta ɓalle ƙofa ta fito tana salati. Mota biyu suka ƙi ni. Ta uku ta yarda bayan na biya kujerar baya gaba ɗaya, ni da kwandona kamar wasu masu sarauta.

A Gumel na tarar da layi a shagon likitar: masu tumaki, masu kaji a kwali, da wani Bafulatani dattijo, Jauro, riƙe da maraƙi mai zawo. Na zauna a ƙarshen benci na sa kwando tsakanin ƙafafuna. Jauro ya kalli tsagen fuskata ya gane ni Bamange ne, sai ya gyara zama, don tsakaninmu da su akwai wasa.

"Bamange, gaishe da ubangidanka mana. Me ka sato a kwando? Agwagwa?"

"Ai Jauro ba na gaishe da wanda saniya ke ba wa umarni. Abin da ke ciki ya fi ƙarfinka."

"Ni? Ni da na kori kura da sanda? Buɗe mu gani."

Na ce a'a, ya nace. Na kwance bakin buhu kaɗan. Jummai ta turo kai ta yi fiton nan nata. Ban san dattijo na iya tsalle haka ba. Ya bar maraƙi, ya bar takalmi ɗaya, sai ga shi a tsallaken titi yana cewa, "A duba shi tukuna! Don Allah a duba shi ya tafi!" Layin da na zaci zai kai ni azahar, nan take ya watse. Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya har hawaye.

Likitar matashiya ce, ba ta fi sa'ar ƙanwata ta uku ba. Ta fito jin hayaniya, ta leƙa kwando, ba ta ja da baya ba.

"Baba, gaskiya zan faɗa maka. Tun da na bar makaranta ban taɓa duba maciji ba. Amma ina da malamin da ya san su. Shigo da ita."

Wannan magana ta kwantar mini da hankali fiye da in ta ce ta iya. Ta kira malamin nata a waya, irin kiran da ake ganin juna, ta juya masa wayar yana kallo. Na riƙe kan Jummai, ta sa wani ɗan katako kamar cokali ta buɗe bakin a hankali. Ta nuna mini wata 'yar ƙofa a ƙasan bakin, tana buɗewa tana rufewa, majina ta cika ta.

"Nan ce hanyar iskarta. Ka ga yadda ta toshe? Ciwon ya sauka huhu. Nimoniya ce."

Ta goga wani tsinke mai auduga a wurin ta sa a kwalba, ta ce za a kai Kano a gano irin ƙwayar cutar. Sai ta ce dole a auna nauyinta kafin a san yawan magani. Ma'auninta na kaji ne, ba zai ɗauka ba. Muka tsallaka wurin wani mai sayen riɗi muka roƙi sikelinsa. Ya yarda, amma daga kan tarin buhuna ya tsaya yana karanto mana: kilo goma sha shida.

Da muka dawo ta ɗauki biro ta fara tambaya. Me take ci, yaushe ta yi saɓar ƙarshe, su nawa ne a akwati. Sannan ta ce, "A ina take kwana?"

Na gyara zama, don nan ne na san na iya aikina. Na ba ta labarin buhu, da randa, da yadda na ƙara ruwa da na ga ciwo, har da yayyafi safe da yamma. Ina magana ina jiran ta yaba. Sai na ga ta ajiye biro.

"Baba, buhun nan shi ne ciwon."

Ta yi mini bayani, kuma maganganu biyu sun zauna mini har yau. Na farko ta ce, "Maciji ba shi da wutar jikinsa, aron zafi yake yi daga rana da ƙasa. In ya yi sanyi ya daɗe, jikinsa ba ya iya faɗa da cuta." Na biyu ta ce, "Maciji ba ya tari. Ni da kai in majina ta taru sai mu yi tari mu tofar. Shi sai dai ya ɗaga kai ya buɗe baki yana neman iska. Ba zafi ke damunta ba, shaƙewa take yi."

Na tuna Auta da kansa a jingine a kusurwa, ni kuma ina zuba masa ruwan randa. Na sunkuyar da kai. Ba ta ƙara mini da faɗa ba, Allah ya saka mata. Ta yi wa Jummai allurar farko a naman gefen baya, can wajen gaba, tsakanin ɓawo da ɓawo. Sannan ta ciro wani ɗan ma'aunin zafi daga ɗakin 'yan tsakinta.

"Ka iya karanta lamba?"

"Ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci. Lamba kam na riƙe ta."

"To madalla. Wannan aro na ba ka. Gefe ɗaya na makwancinta ya tsaya tsakanin talatin da talatin da biyu, ɗaya gefen ya ɗan fi sanyi don ta matsa in ta so. Ko da asuba kada ya sauka ƙasa da ashirin da bakwai. Wuri busasshe. Ba hayaƙi, ba garwashi a ɗaki, ba man shanu. Ruwan sha mai tsabta a kwano. Allura duk bayan kwana uku. Kuma akwatin da ɗayan ya mutu a ciki, kada ta sake shiga."

Ina isa gida ko hula ban cire ba na kai ma'aunin gindin randa na ɗora a kan buhun. Na jira, na duba. Ashirin da biyu! Na kira Talatu na nuna mata, ko da yake ita ba ta karatu. Na bi gidan nan lungu-lungu da ma'auni kamar mai neman allura. Ɗakina ashirin da biyar. Zaure ashirin da shida. Rumfar awaki ashirin da huɗu. Ba inda ya kai. Wuta kuwa ba mu da ita balle a ce ƙwan lantarki.

Talatu na tsaye tana kallona, sai ta ce, "Kawo abin nan."

Ta kai ni wani ɗan ɗaki da ke manne da madafa, inda take ajiye tukwane da daddawa. Ta ce in dafa bangon. Na dafa, ɗumi! Murhunta na jingine da shi ta ɗaya gefen, kuma ita mai ƙosai ce, tun asuba wutarta ke kamawa, da rana abinci, da yamma tuwo. Hayaƙi bai shigowa. Na ajiye ma'auni a gindin bangon. Talatin da ɗaya.

Na dube ta. "Talatu, nan fa ɓangarenki ne."

"Na sani. Kwashe mini tukwanen kafin in sake shawara. Kuma wallahi in ta leƙo mini madafa, ku biyu za ku koma zaure."

Na sayar da akuyata ɗaya, kafinta ya yi sabon akwati mai faɗi da hudoji a sama, sauran ya tafi a magani da mota. Na shimfiɗa busasshiyar takarda a ciki, in ta ɓaci in canza. Matsalar ita ce kafin asuba bangon yakan huce. Talatu ce ta sake samo dabara: bayan tuwon yamma ta tura bulo biyu cikin toka mai zafi, bayan isha'i in ciro in naɗe da tsumma in jingina a wajen akwatin, ba a ciki ba, don kada ta ƙone. Da asuba kafin in tafi masallaci in duba, in rubuta lambar a littafin ajina. Ashirin da takwas. Ashirin da tara. Kowace lamba na rubuta sai na ji kamar na ci jarrabawa.

Sati na uku na koma Gumel sau biyu, likita ta koya mini yin allurar da kaina, ta sa na gwada a gabanta. Kullum ina goge wa Jummai majina da auduga da ruwan ɗumi. Amma abin bai yi sauƙi yadda na zata ba. Fiton na nan. Ta rame har ƙashin bayanta ya fito kamar kunyar gona. In na ɗaga ta sai ta zube kamar igiyar guga, harshen ma ta daina zarowa. Yaya Hassan ya zo ya gani ya ce, "Ka ga abin da zafi ya yi mata ko? Ka bar koyarwar Baba ka bi ta 'yar makaranta." Ban yi musu da shi ba. Na roƙe shi dai ya riƙa zuwa ranar allura yana riƙe mini wutsiya, kuma ya yi ta zuwa, yana mita yana riƙewa.

A sati na huɗu likita ta kira wayar maƙwabcina ta ce sakamako ya fito, ƙwayar cutar ba ta jin maganin farko, sai an canza. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba: kwana goma ina huda baiwar Allah da allurar da ba ta aiki. Amma da ba a ɗauki majinar nan an kai ba, da har yau ita nake yi, ko kuma da tuni an rufe ta kusa da Auta. Sabon maganin babu shi a Gumel, sai da aka saƙo shi daga Kano, ya yi kwana uku a hanya ina zaune kamar a kan ƙaya. Kuma shi sanyi yake so! Wani mai sayar da lemo a Tasha ya yarda ya ajiye mini a firij ɗinsa, duk ranar allura in taka in karɓo.

Allura ta farko da sabon magani, shiru. Ta biyu, na ga kamar kumfar ta ragu, amma ban faɗa wa kowa ba don kada ya zama idona ne. Ranar ta uku da hantsi, Yaya na riƙe da wutsiya, ni na danne wuyan da hannun hagu kamar kullum, sakwa-sakwa, don ai ba ta motsi. Ina soka allura sai na ji ta fizge. Kafin in ƙifta ido ta juyo ta kafa mini haƙora a bayan hannu, ta naɗe damtsena zagaye biyu ta matse. Matsa ta gaske, irin wadda na sani!

"Ta cije ni! Talatu, fito, ta cije ni!"

Talatu ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta ga jini na zuba ni kuma ina dariya. "Innalillahi! Malam ya zautu. Yaya, ɓanɓare ta mana!"

"Bar ta ta matse! Yaya, ka ji ƙarfi? Taɓa ka ji!"

Yaya ya taɓa, sannan ya ce, "Kai, shegiya. Ta dawo." Da ƙyar muka warware ta. Mesa ba ta da dafi, amma likita ta sa na wanke hannun da sabulu na je aka yi mini tawa allurar. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa cizona ba, kuma ban taɓa jin daɗin ciwo kamar wannan ba.

Daga nan kullum da sabon abu. Bakin ya rufe. Fiton ya koma sai na kara kunne nake ji, ran nan na kara kunne har wuyana ya gaji ban ji komai ba. Wata safiya na buɗe akwati ta zaro harshe ta taɓa daidai wurin da ta ciza. Marka ta ɗauke, na riƙa fito da ita hantsi. Likita ta ce ko ta warke a ido kada in tsai da allura sai an cika adadin, na cika. A sati na bakwai idonta ya yi fari-fari, bayan 'yan kwanaki ta yi saɓa, fata ɗaya tun daga hanci har wutsiya ba ta tsinke ba.

Saura tsohon akwati. Ran da na fito da shi tsakar gida da ashana, Yaya ya tare ni.

"Sale, akwatin Baba za ka ƙona? Da shi fa ya ci da mu."

"Yaya, taya ni mu kifa shi tukuna."

Muka kifa. Ƙasan ya yi baƙi ƙirin da funfuna, katakon ya ruɓe har yatsa na shiga, ga wari. Yaya ya daɗe yana kallo. Sannan ya ciro wuƙa ya ɓanɓare ƙarfen makullin ya sa a aljihu, ya ce, "Baba kullum yana kasuwa, nasa ba su taɓa sati a ciki ba." Shi da kansa ya ƙyasta ashanar. Da zai tafi ya hau babur ya tayar, sai ya kashe ya ce, "Abin awon nan, ara mini kwana biyu." Na ce na likita ne, amma na sayi nawa, ya ɗauka. Har yau bai dawo da shi ba.

Abu ɗaya ya rage: ci. Wata biyu ba abin da ya shiga cikinta. Likita ta ce a fara da ƙarami. Na kawo ɓera, ta ƙi. Na sake kawowa bayan kwana uku, ta shinshina ta juya. Hankalina ya fara tashi. Ran nan da la'asar ina zaune a bakin ɗakin tukwane, sai ga Talatu riƙe da wani matashin zakara daga cikin nata, wanda take cewa na Sallah ne.

"Ungo. Mai jinya ba ɓera ake ba shi ba."

Na miƙa. Jummai ta ɗago kai, harshe na fita yana komawa. Sai ta kai sara, ta naɗe, ta fara haɗiya daga kai. Na yi kabbara har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Talatu kuwa, wadda shekara goma sha bakwai ba ta yarda ta kalli maciji na ci ba, tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa, "A hankali mana, 'yar nan, ba mai ƙwace miki."

Da na mayar wa likita ma'auninta na kai mata saɓar a naɗe cikin takarda, ta manna ta a bangon shagonta. Jauro ma mun haɗu a kasuwar dabbobi, ya tsaya daga nesa ya ce, "Bamange, uwar ɗakinka ta tashi?" Na ce ta tashi, tana ma tambayar takalminsa.

To 'yan'uwa, in macijinku ya ƙi ci, ya fara fito, ya buɗe baki ya ɗaga kai, ba zafi ba ne. Ku raba shi da sauran, ku kai shi busasshen wuri mai ɗumi, ku nemi likitan dabbobi tun ranar, ko da zai ce bai taɓa dubawa ba. Jiƙaƙƙen buhu na tsakar kasuwa ne da bazara, ba na ɗaki ba ne da damina.

Abin da na rasa ga shi: akuya ɗaya. Noman riɗi na ƙarshe da ban samu na yi ba, har ciyawa ta cinye rabin gonar. Zakaran Sallar Talatu. Ɗakin tukwanenta, don har yau Jummai ce a ciki. Akwatin Baba. Da Auta, wanda na zuba wa ruwan sanyi kwana huɗu yana neman iska.